Tanka a Kan Teburin Cin Abinci

  Tun da na shigo na lura ana satar kallon kwalin da na ajiye a kan tebur. Za a buɗe shi, amma sai kun ɗan yi haƙuri da surutuna tukuna.

An ce in yi magana a kan zaman jinya. Ni ba likita ba ne, ba kuma malamin asibiti ba. Akanta ne ni, kuma na yi shekara goma sha bakwai ina wannan aiki a wani gari da ke arewacin Ingila. Abin da ya ba ni bakin magana a nan shi ne shekara huɗun da na yi ina jinyar matata, Allah ya jiƙanta da rahama.

Ku dubi kalmar ma. Idan aka ce maka wane yana jinya, dole ka sake tambaya: shi ne kwance, ko shi ne zaune a bakin gadon? Hausa ba ta raba su ba. Na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin ƙarancin kalmomi, sai da na zauna a bakin gadon na gane cewa waɗanda suka bar kalmar a haka sun san abin da suke yi. Bambancin kawai, na kwance shi ake yi wa sannu, shi ake kawo wa kunu da lemo. Na zaune kuwa, sai dai a tambaye shi ya mai jiki.

Ƙodar matata ce ta daina aiki. Wanda ya san wankin ƙoda ya san cewa ba ciwo ne na gaggawa ba, ciwo ne na kalanda. Litinin, Laraba, Juma'a, awa huɗu-huɗu a jikin na'ura. An yi mata aiki a hannun hagu, aka haɗa jijiyoyin jini biyu don allura ta samu wurin shiga, kuma in ka ɗora yatsa a wurin sai ka ji yana zirr kamar ƙudan zuma a cikin tulu. An gaya mana in zirr ɗin ya tsaya mu garzayo asibiti ko tsakar dare ne. An ƙayyade mata ruwan sha, har ta koma tsotsar ƙanƙara don ta yaudari maƙogwaronta. An hana ta ayaba da dankali, an rage mata tumatir da gishiri. Ku gaya mini yadda ake yi wa 'yar Zazzau miya a haka.

Ranar wanki takan dawo a wujijjige, da ta yi isha'i sai barci. Ni kuwa barci ya yi hijira. In kwanta in tashi, in taɓa hannunta in ji ko zirr na nan, in koma falo in zauna. A wannan zaman ne zuciya take fara lissafi, kuma na gaya muku ni akanta ne, lissafina ba ya ƙarya. Waya ba ta da amfani, don da na ɗauke ta sai in tsinci kaina ina binciken shekara nawa mai irin wannan ciwo yake yi. Na yi karatun Alƙur'ani, na yi nafila, kuma su suka riƙe ni, ban da shakka. Amma dare yana da tsawo, kuma bayan ka shafa fatiha hannuwanka suna nan a kan cinyarka, ba su da abin yi.

Akwai wani tsohon Bature maƙwabcinmu, ɗan fansho, da ya yi aikin jirgin ƙasa, matarsa ta riga shi. Ya lura da fitilar falonmu ba ta mutuwa. Wata safiya ina fitar da shara ya tsayar da ni, bai yi mini doguwar jaje ba, ya miƙo mini kwali da ɗan filaya da wata ƙaramar kwalba mai koren murfi. A jikin kwalin akwai zanen tankar yaƙi, a kusurwa kuma taurari biyu, ja da shuɗi. Ya ce shi ma da irin wannan ya ga safiya a lokacinsa. Na karɓa don kunya. A raina na ce girma ya faɗi, raƙumi ya shanye ruwan 'yan tsaki: ni da furfura a gemu za a ba kayan wasan yara? Kwalin ya yi wata guda a kan firji.

Daren da na buɗe shi, abin da na tarar ba tanka ba ce. Wasu firam-firam ne na roba, kowanne ɗauke da ƙananan gutsattsari a maƙale kamar 'ya'yan dabino a jikin zangarniya, kowane gutsure da lambarsa. Sai takarda mai ninki, an zana mataki na ɗaya, na biyu, har zuwa ƙarshe. Sherman ce, tankar Amurka ta Yaƙin Duniya na Biyu, wadda aka ƙera kusan dubu 49 irinta. Na ce bari in haɗa ƙafa ɗaya in gani. Da na ɗaga kai, an kusa kiran asuba a wayata.

Bari in ɗan faɗa muku yadda abin yake, don na san da yawa a nan ba su taɓa gani ba. Ko da yake in an bi ta ɓarauniyar hanya duk mun taɓa yi. Wane ne a nan bai ƙera motar kara ba, ko ta gwangwanin madara, da tayar tsohon silifas? Abin ɗaya ne, sai dai wannan an auna shi da ma'auni. Ma'aunin da ya fi yawa a tankoki shi ne ɗaya bisa 35, wato duk santimita 35 na tankar gaske ya koma santimita ɗaya. Mutum mai matsakaicin tsayi ba zai wuce santimita biyar ba. Taurarin nan biyu tambarin Tamiya ne, kamfanin da ke Shizuwoka a Japan, wanda Yoshio Tamiya ya kafa a 1946 a matsayin wurin yankan katako. A farkon shekarun 1960 suka fitar da tankar Jamus mai suna Panther a roba, kuma da yake tana da ɗan inji da ke tafiyar da ita, sai suka yi girmanta daidai yadda batura za su shige cikinta. Da aka auna daga baya sai aka ga ta faɗa ɗaya bisa 35. Shi ke nan, duniya ta bi. Ma'aunin da mutane ke rantsuwa da shi yau, girman batir ne ya haife shi. Ingila na da nata tsohon kamfanin, Airfix, wanda ya yi suna da ƙananan tankoki, ɗaya bisa 76, amma waɗannan sun fi ƙarfin idona.

Sunan tanka ma akwai labari. Mu muna da tankin ruwa, muna da tankar yaƙi, kuma ba haɗuwar tsautsayi ba ce. Lokacin da Ingila ke ƙera na farko a 1915 a garin Linkon, an ɓoye sirrin abin ta hanyar kiransa tankin ruwa, sunan kuma ya bi shi har filin daga, inda aka fara amfani da shi ranar 15 ga Satumba, 1916, a yaƙin Som a Faransa.

Kayan aikin ba su da yawa: filaya ta yanke gutsure daga firam, reza ta kankare ragowar, samfefa mai laushi, hantsaki, da kwalbar nan mai koren murfi. Abin da ke cikinta ba gam ba ne irin na kafinta. Ruwa ne tsinkakke. Sai ka haɗa gutsure biyu ka riƙe, ka ɗan taɓa bakin haɗin da tsinin burushi, ruwan ya bi tsagar da kansa, ya narkar da fuskar robar ta kowane gefe, in ya bushe sun zama abu guda. In ka yi garaje ka sa yatsa a wurin kafin ya bushe, zanen yatsanka zai zauna a jikin tankar har abada. Sherman ɗina ta farko na da tambarin babban yatsana a gefen hagu, kamar takardar zaɓe. Wani lokaci kuma gutsure ƙanƙane kamar ƙwayar gero zai kufce daga bakin hantsaki, ka ji ƙas, ya tafi. Masu wannan sana'a suna cewa dodon kafet ya cinye. Na sha rarrafe da tocilan ƙarfe biyun dare ina neman murfin fitilar tanka.

To me ya sa abin ya kama ni? Na yi ta juya wannan tambaya, kuma amsar da na samu ba ta da wani zurfi. Takardar ce. A asibiti, duk tambayar da na yi, amsarta mu jira mu gani. Ko za a samu ƙodar dashe? Mu jira. Me ya sa jininta ya sauka yau? Mu duba zuwa Laraba. Ban ga laifinsu ba, gaskiya suke faɗa. Amma takardar nan cewa take ɗauki lamba 14 ka liƙa a jikin lamba 9, kuma in ka yi, zai zauna. Shekara huɗu ina yin duk abin da aka ce in yi, ina auna ruwa da kofi, ina jiƙa kayan miya, ina ƙirga ƙwayoyi, jiki kuma kullum baya yake yi. A kan teburin cin abincin da nake wannan aiki kaɗai ne in na yi daidai nake ganin daidai.

Akwai kuma maimaici. Tanka ta biyu da na haɗa Tiger ce ta Jamus, mai tan 57, wadda da bindigarta ba ta wuce santimita 24 a kan teburina ba. Samfurin farko na wannan tanka na da ƙafafu 24 a kowane gefe, masu shiga cikin juna kamar yatsun hannu biyu, har a sanyin Rasha laka kan daskare a tsakaninsu tankar ta kasa motsi da safe. Ƙafa 48 ke nan, kowacce sai ka yanke, ka kankare, ka goge, ka yi wa bakinta baƙin fenti. Sannan sarƙar da take tafiya a kai, ɗiya 96 a kowane gefe, ɗaya bayan ɗaya. Masu sana'ar da yawa sun tsani wannan mataki. Ni kuwa shi na fi so. Hannu na aiki, baki na salati, zuciya ta rasa ƙofar da za ta fita yawo. Tsofaffinmu mata da ke zama da tsinken saƙa ko tsintar shinkafa a gidan rashin lafiya, ashe ba aikin ne ya dame su ba.

Ba kowa ya gane ba. Wani daga cikin dangi ya kira ta bidiyo, ya hango teburin a bayana, ya ce, "Yaya, wai me nake gani haka? Baiwar Allah na kwance kai kana wasan yara?" Ban ba shi amsa ba, don ni ma tambayar na cina. Kwana uku ban taɓa kwalin ba. Ita ce ta lura. Ta ce, "Malam, ina motarka?" Haka take kiransu, motoci. Na ce na ajiye. Ta ce, "Don Allah koma. In kana can ina jin ƙarar samfefa, na san kana gida kuma ba tagumi kake yi ba. In ka zo ka zauna ka zuba mini ido, sai in ga kamar har an fara karɓar gaisuwa." Iyayena mata, ku kuka fi sanin wannan: mara lafiya na karanta fuskar mai jinyarsa fiye da yadda likita ke karanta fayil.

Akwai wata tuhumar da ta fi wannan nauyi, kuma ba zan kauce mata ba. Tanka abin kisa ce. A cikin ɗakin nan akwai waɗanda suka ga tanka a bakin titinsu, ba a kwali ba, kuma ba su ji daɗin ganin ba. Tiger ɗin da na zauna ina lallaɓa ƙafafunta, kamfanin Henschel ne ya ƙera ta a garin Kasel, inda aka yi amfani da mutanen da aka tilasta wa aiki, don gwamnatin Hitila. Na je babban baje kolin da ake yi duk Nuwamba a Telfod, na ga gwanintar da ta sa na riƙe baki, na kuma ga wasu 'yan kaɗan da sha'awarsu ga kayan sojan Jamus ta wuce inda hankalina ke kwanciya. Na je gidan tarihin tankoki na Bobinton a kudancin Ingila, na tsaya gaban Tiger mai lamba 131, wadda aka kama a Tunisiya a 1943, ita kaɗai ce irinta da har yau injinta ke tashi. Na leƙa inda mutum biyar ke cusa kansu, na tuna cewa yawancinsu samari ne da ba su wuce sa'ar ɗana ba. Ban fito ina sha'awar yaƙi ba. Da maƙwabcina jirgin ƙasa ya miƙo mini, da jirgin ƙasa nake haɗawa yau. Amma tanka ya miƙo, kuma ba zan yi muku ƙaryar cewa abin ba shi da ƙura ba.

Abu ɗaya da ban taɓa yi ba shi ne sa 'yan sojojin roba da ke zuwa a cikin kwalin. Na san maganar malamai a kan surar mai rai, na zaɓi in bar su a firam ɗinsu. Saboda haka duk tankokina ƙofar samansu a buɗe take, ba kowa a ciki. Matata ta taɓa tambayata, "To ina direban?" Na ce ya je salla. Tun daga ranar, duk wadda na gama na kai mata, sai ta leƙa ta ce, "Wannan ma bai idar ba?"

A 2020 annoba ta zo. Masu wankin ƙoda na cikin waɗanda aka fi ji wa tsoro, aka daina barin mu shiga da su, sai in ajiye ta a ƙofa in zauna a mota. A cikin watannin da aka rufe filayen jiragen saman Nijeriya ne aka kira ni da hantsi aka ce Inna ta cika. Kafin la'asar an kai ta. Na yi zaman makokin mahaifiyata a falo, ni kaɗai, da waya a hannu. A wannan makon ban iya taɓa komai ba, kuma ina so ku riƙe wannan: abin ba magani ba ne. Akwai nauyin da hannu ba ya ɗauke wa zuciya. Sai bayan sadakar bakwai na jawo kujera na zauna, na tarar fentin da na bari a buɗe ya bushe ƙamas.

Mataki na ƙarshe a wannan aiki shi ne wanda ya fi ba matata dariya. Bayan ka gama haɗawa, ka fesa fenti, ka jiƙa lambobi a ruwa ka manna, tankar ta fito fes kamar amarya, sai ka zauna ka lalata ta. Ka tsinka baƙin fenti ya bi lunguna ya zama datti. Ka ɗangwali soso ka yi tabon inda fenti ya ɓare. Ka kankare alli mai launin ƙasa ka shafa ƙura a ƙafafu, ka ja zirin tsatsa daga kan ƙusa zuwa ƙasa, yadda ruwan sama zai ja shi. Gwani a wannan fage shi ne wanda ya san inda takalmin soja ke gogar ƙarfe, da inda hayaƙi ke baƙanta shi. Ta ce, "Malam, ka sayi abu sabo da kuɗinka, ka hana kanka barci kana tsofar da shi. Mu da muke neman a mayar da mu sababbi fa?" Muka yi dariya har ta yi tari. Daga baya na shiga banɗaki na daɗe.

Wadda ke cikin kwalin nan T-55 ce, ƙirar Tarayyar Sobiyat. Ita da 'yar'uwarta T-54, ba a taɓa ƙera wata tanka da yawansu ba a tarihi. Za ka gane ta da ƙafafu biyar a kowane gefe, da 'yar tazara tsakanin ta farko da ta biyu. Na zaɓe ta ne don ta zo kusa da gida: irinta Libiya ta shiga Chadi da su, kuma a 1987 sojojin Chadi a kan motocin Toyota a-kori-kura suka tarwatsa su a Fada da Wadi Dum, aka bar gawarwakinsu a cikin rairayi. Na so in yi ta kamar yadda hamada ta bar ta, fenti ya koɗe, yashi ya cika ƙafafu. Matata ce ta zaɓar mini launin. Na kawo mata kwalabe uku a gado, ta nuna ɗaya ta ce wannan ne kalar ƙurar harmatan a kan gilashin mota, sauran biyun na Turawa ne da ba su taɓa ganin ƙura ba.

Na gama gefen dama, na fara sarƙar gefen hagu, sai ciwon ya juya. Kwana goma sha ɗaya muka yi a asibiti. Daren Alhamis, ina riƙe da hannunta na hagu, yatsana a inda ya saba zama, zirr ɗin ya tsaya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na gode. Amin, amin. Allah ya jiƙan namu da naku.

Bayan an share makoki, maƙwabcin nan nawa ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ya dubi teburin, ya dubi tankar, bai ce in ƙarasa ba, bai ce in bari ba. Ya ce shi ma yana da ɗaya a saman kabad da ta tsaya a inda ta tsaya. Kowane mai wannan sana'a na da kantar da yake ajiye waɗanda ba a gama ba, sai dai ba kowa ke faɗin dalili ba. Na yi wata takwas ban zauna a kujerar ba. Da na koma, sabon kwali na buɗe, kuma tun daga lokacin na haɗa shida. 'Yata ta ce in na kuskura na sake sayo wani kafin in gama waɗanda ke ƙarƙashin gado, za ta kai ƙarata wurin kawunta.

T-55 ɗin nan dai ban ƙarasa ta ba. Ɗiyan sarƙar da suka rage suna cikin wata robar magani da na wanke, tana nan a gefen kwalin. Shugaban taro, in ka ba da izini a buɗe. Duk mai son gani ya matso, a fara da iyayena mata. Ku duba ta gefen dama tukuna, sannan ku zagayo. Abin da nake roƙo kawai, yara su sa hannu a baya, kuma a yi hankali da eriya, don tsakanin Ingila da nan sau biyu ina liƙa ta.